Ƙararrawar Ɗakin Gwaji

Laraba, da safe

Baban yara ya ce tunda na ƙi magana kuma na ƙi abinci, to in rubuta. Malamin makaranta ne, a wurinsa babu ciwon da biro ba ya magani. Ya ba ni ragowar littafin darasin Auta, rabinsa lissafi ne da jan biro. Ga shi ina rubutawa don a zauna lafiya.

Manaja yana son suna ɗaya. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. In na ba shi, mutum ɗaya zai tafi. In ban ba shi ba, zai rufe Ɗakin Gwaji, mu tara duka mu kama gabanmu. Haka ya faɗa yana gyara maɓallin hannun riga, ko kallona bai yi ba.

Na ce zan duba.

Laraba, da yamma

Ba zan kalli bidiyon ba.

Alhamis, da hantsi

An hana mu taɓa inji sai an gama bincike, saboda haka muna zaune a ɗakin kamar masu jiran mota. Ba mai kallon wani. Fankar sama ce kaɗai ke aiki da zuciya ɗaya a kamfanin nan.

Tun ɗazu nake kallon Maƙabarta. Haka muke kiran doguwar kantar bango inda muke jera duk abin da muka gwada ya ƙi: murfin da ya narke, kaskon da ya lanƙwashe, tukunyar da ke fito tun ruwa bai yi ɗumi ba. Na san wanda ya kawo kowanne, amma ba a rubuce yake ba, kuma da gangan ne.

Shekara shida ke nan da Tsoho, mai kamfanin, ya kira ni ya ce ya gaji. Shekara talatin yana buga tukunya iri ɗaya, ga na waje masu ƙyalli sun cika kasuwa, in bai canza ba tsatsa zai bar wa jikoki. Ya ba ni wannan tsohon sito, ya ce in zaɓo mutane daga kowane sashe in sa su tunani. Na ɗauka abin wasa ne. Wata da watanni ina tara su ina tambaya, amsar ɗaya ce: yadda kika ce, Injiniya. Ba dabara suka rasa ba, sun san gidan da suke ne. A nan in shawararka ta yi kyau ta shugabanka ce, in ta lalace taka ce kai kaɗai.

Shi ya sa na kafa doka biyu. Ta farko, duk dabarar da ta hau teburin nan ba ta da uba, ta kowa ce, ba a rubuta suna, ba a tambaya. Na rantse musu a kan haka. Ta biyu, ƙararrawa. Baban yara ya samo mini ita a makarantarsu lokacin da suka koma ta lantarki. Duk ranar da gwaji ya lalace, wanda ke kusa ya kaɗa, kowa ya yi tafi, a kai gawar Maƙabarta, sannan a zauna a ga abin da aka koya. Ranar farko Gwaggo, wadda na ɗauko daga wajen shirya kwali, ta riƙe haɓa ta ce ita tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin inda ake wa asara tafi ba. Ba a daɗe ba tafinta ya fi na kowa ƙara.

Ya yi aiki. Wallahi ya yi aiki. Ina so in ajiye wannan a wani wuri, tunda yanzu ba wanda zai yarda.

Juma'a, bayan an tashi aiki

To, na kalla. A banɗakin ofis, da sautin a rage.

Talatar makon jiya ce. Mutanen talla suna ɗakinmu da kyamara, don Manaja yana so duniya ta ga kamfanin ubansa ya waye. Direban kai kaya ya leƙo yana haki, ya ce mariƙin kaskonmu mai naɗewa ya ɓalle a wani gidan abinci. Iyakar abin da ya fara faɗa ke nan. Kunnen da ya shekara shida yana jin ya ɓalle, ya narke, ya tsage, me kake so ya yi? Wani hannu ya miƙa ya kaɗa ƙararrawa. Muka yi tafi. Ni ce a tsakiya, baki har kunne, har da buga tebur.

Sai direban ya ƙarasa maganarsa.

Wannan ba ya cikin bidiyon. Wanda ya sake shi ya yanke daidai inda ya ga dama, ya rubuta a ƙasa abin da ke cikin kaskon da wadda ke tsaye a gabansa. Mai kaɗawar kuwa hannunsa kawai aka gani, cikin safar aiki da shuɗiyar riga irin ta kowa. Lauyan kamfani ya ce dole a nuna wa jama'a an hukunta wanda ya ƙirƙiro mariƙin da wanda ya kaɗa. Manaja yana ji a jikinsa mutum ɗaya ne. Bai yi kuskure ba.

Asabar, da rana

Mai ne, tafasasshe. Mace ce, mai girki. Daga kafaɗa har yatsu. Na rubuta, shi ke nan.

Lahadi, da yamma

Yaya ta kira, wai don ta ji lafiyata. Ba ta kai ga lafiyar ba ta ce mijinta ya nuna mata abin a waya, kuma dama tun ina yarinya ba na iya riƙe dariya. Na ce na gode da ta'aziyya. Ta ce wa ya mutu? Na ce cajin wayata ya ƙare.

Maƙwabciyarmu ta gaishe ni da kyau fiye da kullum. Ta gani ke nan.

Litinin, lokacin cin abinci

Dogo, mai waldarmu, ya daina cin abinci tare da mu. Yau na same shi a bayan sito, a zaune kan taya, abincin a rufe. Mutum ne da in ya tsaya sai ya sunkuya a ƙofa, amma yau na kusa wuce shi ban gan shi ba. Lokacin da na ɗauko shi ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakinsa, shekara guda ya yi a ɗakin kafin ya buɗe baki, kuma ranar da ya buɗe sai da ya tambaye ni sau biyu ko da gaske ba a rubutawa.

Ya ce, “Injiniya, ki faɗa kawai. Kowa ya san tsawon hannun nan.”

Na ce ban ga hannun kowa ba, ni dariya nake yi, ai ya gani. Bai yi murmushi ba. Ya ce matarsa na da cikin wata takwas, bai gaya mata komai ba, kullum sai ta tambaye shi me ya sa yake dawowa da abinci. Na ce ya ci abincinsa, kuma in na ji ya doshi ofishin Manaja da ƙafarsa ni da shi ne.

Gaskiyar da ba mai son ji: Dogo ya ce a yi mariƙi mai naɗewa. Gwaggo ta ce in ya naɗe, kwali ɗaya zai ci kasko biyu. Mai zanenmu ya siranta shi don ya yi kyau a ido. Ni na amince da ƙarfen ƙusar da ke riƙe mariƙin. Masu sayo wa kamfani kaya suka samo mai kawo ta da sauƙi. Manaja ya ce a fitar kafin baje koli. To wa ya yi? Ni dai in za a raba laifin nan da cokali, har maigadi sai ya samu.

Talata, da safe

Manaja ya tare ni a matakala. Ya ce, “Anti, kin duba?” Tun yana zuwa hutu da gajeren wando yake ce mini Anti, amma tunda ya dawo daga karatu da kwat na zama Injiniya. Yau ya ciro Antin daga aljihu don yana da buƙata.

Na ce ina kan dubawa, Yallaɓai.

Ban tsane shi ba, abin haushin ke nan. Ya rame. Idonsa ja. Manyan 'yan kasuwa biyu sun dawo da kaya, banki na kira, ubansa na kwance. Yana neman abin da zai jefa wa mutane su ƙyale shi ya yi numfashi. Ni ma da zan samu abin jefawa da ba mutum ba, da tuni na jefa.

Laraba, da yamma

Ban ba da suna ba.

Alhamis, bayan an tashi aiki

Na je gidan Tsoho. Na sa rai, kada in ɓoye. Shi ne fa ya fara kaɗa ƙararrawar nan da hannunsa, kuma gawar farko a Maƙabarta tasa ce, wata tukunya mai hawa biyu da ta kusa ƙona masa gemu. Ranar ya yi dariya har da hawaye, ma'aikata suka ga mai gida ma yana faɗuwa bai mutu ba. Na ce in ya ji, kalma ɗaya zai yi wa ɗansa.

Matarsa ta ce in shiga amma kada in daɗe, kuma kada in kawo maganar aiki. Yana kan kujera kusa da taga, an lulluɓe masa ƙafa, gefen bakinsa ya karkace. Na durƙusa na ce, Baba, ya jiki? Ya daɗe yana kallona. Ya gane ni, na ga alama. Ya kama hannuna da hannun da ke aiki, ya yi ta ƙoƙari, ni kuma na kasa kunne kamar za a karanta mini hukunci. Abin da ya fito shi ne ko na ci abinci.

Na ce na ci, Baba. A mota na yi kukan da na daɗe ina bin kaina. Hmm, ban ma san ko kukan nasa ne ko nawa ba.

Juma'a, da safe

An zare ƙararrawa. Ba wanda ya ga lokacin. Saura ramin ƙusa a bango da da'irar fenti mai haske. Gwaggo ta shigo ta kalli wurin, ta kalle ni, ta je ta zauna ta fara goge tebur mai tsabta.

Asabar, da hantsi

Na je har ƙofar asibitin da mai girkin take kwance. Na sayi lemo da sabulu. Na tsaya wajen masu sayar da kati, na ga masu jinya na shanya a waya, na juyo. Auta ta sha lemon.

Litinin, da yamma

Yau na ga abin da ya fi ƙarfin dariya da kuka.

Manaja ya kawo mana masani. Ashe tun kafin abin ya faru an biya shi, ya zo ya koya wa ma'aikata yadda za su riƙa tunani kamar masu kamfani. Aka tara mu a babban ɗakin taro, aka raba ruwan gora da ƙananan takardu masu launi. Mutumin kirki ne, yana da fara'a, yana yawo da makirufo kamar mai sayar da magani a mota. Ina jin ba wanda ya nuna masa bidiyon. Ya ce babban abin da ke kashe kamfani shi ne tsoron kuskure. Ya ce akwai kamfanonin da har biki suke yi in gwaji ya faɗi, ko mun taɓa jin haka? Gwaggo ta sarƙe da ruwa sai da aka bubbuga mata baya.

Daga nan ya ce kowa ya rubuta sabuwar dabara ɗaya ya manna a allo. Manaja ya ƙara da cewa a sa suna da sashe a ƙasa, don a san wanda za a yaba wa. Mutum sama da sittin, biro ya ƙi motsi. Da masanin ya matsa, takardu suka fara zuwa. A ƙara fanka. A gyara famfon banɗaki. A ƙara fanka. Wani ya rubuta Allah ya ƙara wa Manaja lafiya, ya sa sunansa da manyan baƙaƙe.

Na leƙa ta Dogo. Fara ce. Wannan mutumin da a mako guda yakan cika mini tebur da gutsattsarin ƙarfe yana cewa Injiniya, in aka yi kaza fa? Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Masanin ya ce mun yi ƙoƙari, farkon tafiya ne. Ya ce mu tafa wa kanmu. Ba wanda ya ɗaga hannu, shi kaɗai ya tafa.

Talata, da safe

Auta ta ce ba za ta je makaranta ba, cikinta na ciwo. Baban yara ya lallaɓa ta har ta faɗa: in ta shiga aji sai yara su fara tafi. Ya raka ta da kansa. Da ya dawo ɗaukar jakarsa ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, “Maman Auta, ba cewa nake ki faɗa ba. Amma mutum takwas da iyalansu a kan mutum ɗaya, kin auna?”

Na ce na auna, malam, tun kafin ya koyi lissafi nake awo. Na ce in na ba da sunan, ɗakin zai tsaya amma bango ne kawai da tebur, don ba mai sake buɗe baki a ciki har abada. In na riƙe, ko an rufe shi, mutanen za su san akwai inda aka taɓa yi musu alkawari aka cika. Ya ce alkawari ba ya shiga tukunya. Na ce ai tukunya sana'ata ce, ya bar mini.

Ya tafi bai sha shayinsa ba. Yana da gaskiya, shi ya sa na yi masa tsawa.

Laraba, da rana

Masu binciken sun zo sun kwashe ragowar kaskon da rabin Maƙabarta a buhu. Sun ce sakamako sai nan da wata biyu, ko uku. Na tambayi ɗaya me suke zato, ya ce ba a ba shi izinin zato ba.

Ban ba da suna ba.

Alhamis, da yamma

Na shiga.

Gadonta na ƙarshe ne, kusa da taga. Ba ta kai shekaruna ba. Hannun a naɗe, an ɗora shi kan matashi kamar wani jariri daban. Ƙanwarta ke jinya. Na yi sallama na ce daga kamfanin nake, ƙanwar ta miƙe kamar za ta rufe ni da duka, ita kuwa ta ce ta bari.

Ta kalle ni sosai ta ce, “Ke ce mai buga tebur.”

Na ce ni ce. Na fara yi mata bayani, dokar ɗakin, ƙararrawar, yadda direban bai ƙarasa ba. Ina magana ina jin yadda abin yake a kunne. A ɗakinmu hikima ce, a bakin gadon nan kuwa maganar mahaukata. Ta bar ni har na gama. Ta ce ita dai ta so kaskon, don yana shiga kantar kicin ba ya tare wuri, ita ce ma ta sa mai gidan abincin ya sayo. Sannan ta ce tun kwana biyu kafin ranar take jin mariƙin na rawa, amma ba ta faɗa ba, don a wurinsu wanda ya ce abu ya lalace shi ake cire wa a albashi.

Na ajiye sabulun na ce Allah ya ba ta lafiya. Ta ce amin, ta juya fuska wajen taga.

Juma'a, da safe

Lafiya lau. Kowa ya tambaya haka nake cewa. Lafiya lau.

Asabar, da yamma



Ina falo na ji buta ta tafasa. Sabuwar butar shayinmu ce mai naɗaɗɗen mariƙi, wadda ba a kai ga fitarwa kasuwa ba, na kawo ɗaya gida tun watannin baya don in ga yadda za ta yi. Auta ta ce Mama bari in sauke. Na ɗago kai daidai ta kama, sai na ga mariƙin ya yi wani ɗan gyaɗawa. Kaɗan ne, wanda bai san shi ba ba zai lura ba. Ban san lokacin da na tsallake kujera ba. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba, ta saki, ta fashe da kuka.

Da ta huce na kwance mariƙin a kan tire. Ƙusar ta cinye ta ciki, saura kamar zare. Ita ce dai ƙusar kaskon, girma ɗaya, mai kawowa ɗaya. Sama da mako biyu ina kallon bidiyo, ina kallon Dogo, ina kallon Manaja, ban kalli abin da nake ɗorawa a wuta kullum safe ba.

Butocin suna sito a kwali. Litinin za a yi lodi, mota biyu.

Lahadi, da rana

Na kira Manaja bai ɗauka ba. Na tura saƙo, ya ce Litinin. Auta ba ta yi mini magana, tana zagaye ni kamar rijiya.

Litinin, da hantsi

Na riga maigadi buɗe ƙofa. Na ajiye wa Manaja ƙusar a kan tebur, a cikin murfin kwalba. Ya daɗe yana juya ta da biro. Ya ce in ya tsayar da lodi sai ya gaya wa banki da lauya dalili, dalilin kuma sai a rubuce, rubutun kuma sai da sunan wanda ya ɗauki nauyi. Kullum dai nan muke dawowa.

Na ce ya ba ni takarda. Na rubuta cewa mariƙin kasko da na buta daga ɗakina suka fito, ni na amince da su, ni ke da alhaki. Ya karanta ya ce, “Anti, hannun da ke bidiyon ba naki ba ne.”

Na ce, “Ni na rataya ta, ni na ce a kaɗa. Hannun aro ne.”

Sai ya ɗaga waya ya ce a sauke kwalayen. Ya ce ɗakin zai ci gaba, a ƙarƙashin ofishinsa, da tsari. Ya ce zan iya zama har Juma'a in kammala. Na ce yau ma ta isa. Da zan fita ya ce in yafe masa, na ce ya je ya duba ubansa.

A matakala na ji wani sanyi a raina, rabon da in ji irinsa tun kafin Talatar nan. Na ce to, aikin ya tafi, amma Dogo na nan, su takwas na nan, kuma sun ga an cika. Abin da na shuka bai mutu ba. Har da ɗan taƙama na sauko, kada in yi ƙarya.

Litinin, da yamma

Na tara su don sallama. Na ce ba wanda za a kora sai ni, kuma kada kowa ya yi mini fuskar makoki. Dogo ya buɗe baki na ce ya rufe. Sannan na fito da ƙusar na ɗora a tsakiyar teburinmu yadda muka saba, na ce ga gawa ta ƙarshe, ku zo ku ga abin da na gano a buta.

Ba wanda ya matso. Da can kafin abu ya taɓa tebur kawuna sun haɗu a kansa. Mai zane yana kallon takalminsa. Na ɗauka kunya ce ko tausayi, na ce ku zo mana, ba ta cizo.

Gwaggo ce ta yi magana, a hankali. Ta ce, “Mun gani, Injiniya. Tun makon da aka zare ƙararrawa.”

Na ce su wa? Ta ce dukkansu. Dogo ne ya fara kwance ɗaya a sito, ya nuna wa mai zane, magana ta zaga. Na juya na kalli Dogo na ce, kai ma? Ko ni ba za ka gaya wa ba?

Bai ɗago ba. Ya ce, “Injiniya, yanzu wanda ya faɗa shi ya yi.”

Na ce to da an yi lodi fa? Mota biyu fa? Fanka na ta juyawa. Na fara zuba kayana a kwali don in samu abin yi da hannuna, Gwaggo ta zo tana taya ni, ta ma fi ni iya shiryawa. Tana ninke rigar aikina ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, ta san akwai ɗaya a gidana, ita ce ma ta naɗe mini ita a takarda ranar da zan tafi da ita. Ta ce kullum in ta gan ni sai ta ce yau za ta ce in daina ɗora ta a wuta, sai kuma ta ce gobe.

Na tambaye ta ko ta san Auta ce ke sauke mini shayi. Ta ce ta sani.

Na karɓi kwalin na ce su zauna lafiya. Dogo ya so ya ɗaukar mini zuwa mota, na ce ba nauyi.

Talata, da safe

Baban yara ya ce ko ya je ya karɓo ƙararrawar, tunda dai tamu ce. Na ce ya bar musu.

Na dafa ruwan shayi a tsohuwar tukunya, irin wadda Tsoho ya shekara talatin yana bugawa. Tana da nauyi, tana tare wuri, mariƙinta ba ya motsi. Na bar Auta ta sauke.